Amsa: Katako ko bulo don ɗakin aiki a bayan gida?

Malam, ka ce kana son gina ɗan ofis mai mita 3 da 2.5 a bayan gidanka, kana tambaya ko katako ya fi ko bulo. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Kowanne zai yi. Danshi da zafi su ne ke ɓata irin wannan ɗaki.

Ka ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu da kamar santimita 15, kuma a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare. Ni da na gina nawa na raina wannan leda. Damina ɗaya kawai, gindin bango ya yi funfuna, takarduna suka riƙa manne wa juna. Sai da aka fasa daɓen aka sake.

Kwano zalla kuwa, da rana ta take sai ɗakin ya koma tanda. Ka sa silin, da abin tare zafi a tsakani, ka bar kafar da iska za ta fita. Taga kada ta kalli yamma, tebur kuma ya zauna a gefenta, don haske kada ya riƙa dukan fuskar kwamfuta.

Wuta ka bar wa gwaninta, ya binne waya cikin bututu. Tunda an haƙa ramin, a sa wayar intanet a nata bututun daban. Tana kai mita 100 ba matsala, ta fi WiFi da bango ke rage wa ƙarfi.

Kafin a sari ƙasa dai, ka tambayi hukumar tsara gine-gine ta yankinku ko sai da izini.