Hukuncin Sayar da Katin Pokémon Mai Hatimin da Ake Shakka a Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila, ina ɗan taɓa saye da sayar da tsofaffin katunan Pokémon don in rage wa iyayena nauyi. Kwanakin baya na sayi katin Clefable (ɗaya daga cikin halittun wasan Pokémon) mai hatimin PRERELEASE, wato alamar katin da aka raba don talla, a hannun wani ta intanet, da tsada ƙwarai. Wani da ya daɗe a harkar ya duba ya ce katin na gaske ne, amma hatimin bai kwanta masa a rai ba, kamar daga baya aka buga shi. Wanda ya sayar mini ya daina amsa saƙona. Ya halatta in sayar da shi yadda na saye shi, in yi shiru, tunda ni ma ban tabbatar jabu ne ba? Kuma shaidar kamfanonin tantancewa, da yake ba Musulmi ba ne, abin dogaro ce a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, bai halatta ka yi shiru ba. Ga dalili.

Waɗannan katuna sun fara fitowa a Japan a 1996, kamfanin Wizards of the Coast ya soma buga su da Turanci a 1999. A shekarar ce aka ɗauki wasu daga cikin katunan Clefable aka buga musu wannan hatimi a kusurwar hoton, aka raba su don talla. Katin da ba shi da hatimin yana da yawa, kuɗinsa kaɗan ne. Mai hatimin kuwa ya yi ƙaranci, shi ya sa farashinsa ya ninka sau da yawa. Ke nan mai saye ba kwalin yake biya ba, hatimin yake biya. Mazambata ma sun gane haka, shi ya sa ba sa wahalar da kansu wajen ƙera sabon kati: sai su nemo na gaske mai araha, su buga masa hatimin ƙarya. Saboda haka shakkar da ta shige ka ba a gefen cinikin take ba, tana tsakiyarsa.

Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa algus da yaudara da ɓoye aibi ba su halatta a ciniki ba, sannan ya ƙara wata magana da ta dace da kai kamar don kai aka rubuta ta: bai halatta mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba wanda idan ya faɗe shi mai saye zai ƙi ta, ko kuma faɗinsa zai rage mata kuɗi. Lura, bai ce sai aibin ya tabbata ba. Ka tambayi kanka: idan ka ce wa mai saye "wani masani ya yi shakkar hatimin nan", zai biya kuɗin da kake so? Ka san ba zai biya ba, kuma sanin haka ne ya sa kake son yin shiru. Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ne ya ruwaito. Mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, ruwan sama ne ya taɓa shi, laifinsa ɓoyewa ne kawai. Kai ma ba kai ka buga hatimin ba.

Na san abin da ciwo, an cuce ka, kuma kuɗin ɗalibi ba a banza yake samuwa ba. Amma wanda aka ba jabun kuɗi a kasuwa ba shi da damar ya miƙa wa mai tsire da daddare don ya fita asara. Haƙƙinka yana wuyan wanda ya sayar maka, shi za ka bi, ta hanyar dandalin da kuka yi cinikin ko bankin da ka biya ta cikinsa. Shari'a ta ba ka zaɓin mayar da kaya saboda aibi, kamar yadda ta ba wanda aka sayar wa akuyar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika. Kuma babu bambanci ko mai sayen Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Rubuta "ba a dawo da kaya" a ƙarƙashin talla ba ya wanke ka, domin da yawa daga cikin malaman da suka yarda da sharaɗin kuɓuta daga aibi ba su yarda ya rufe abin da mai sayarwa ya riga ya sani ba.

Abin da ya kamata ka yi shi ne ka kawar da shakkar. Ka samu gilashi mai ƙara girman abu, ka kwatanta hatiminka da hotunan waɗanda aka riga aka tantance: siffar haruffa, kaurinsu, tazarar da ke tsakaninsu, launi, da daidai wurin da hatimin ya zauna. Ka kuma duba ko hatimin ya dace da bugun katin. Misali, a jerin farko na Turanci na 1999, katunan bugun farko ba su da inuwa a gefen hoton, in ban da Machamp. Duk wanda ya ga hatimin bugun farko a kan wani kati mai inuwa daga jerin, ya san an taɓa shi. Gwajin haska fitila da neman baƙin layin da ke tsakiyar kwalin suna nuna ingancin katin ne kawai, ba sa cewa komai game da hatimi, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa.

Batun kamfanonin tantancewa irin su PSA da aka kafa a Amurka a 1991, da Beckett da CGC, ya halatta ka kai musu, ka biya ladan aikinsu, ka yi aiki da abin da suka ce. Wannan ba shaida ce irin ta gaban alƙali a kan haddi ba, labarin masana sana'a ne. Shehu Halil ya ambata a Muhtasar, a babin aibin kaya, cewa idan ba a samu adilai ba ana karɓar maganar wasunsu ko da mushirikai ne. Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ja-gora a hanyar Hijira alhali yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Sai dai maganarsu rinjayen zato take bayarwa, ba yaƙini ba. A ƙarshen 2021 Logan Paul, wani Ba'amurke da ya shahara a YouTube, ya biya dala miliyan 3.5 ya sayi akwatin da aka ce katunan bugun farko ne a ciki, an ma tantance shi, da aka buɗe a Janairun 2022 sai ga katunan G.I. Joe. Ana kuma yin jabun gidan robar da kamfanonin ke rufe kati a ciki, don haka ka duba lambar shaidar a shafin kamfanin da kanka.

Idan sun ce na gaske ne, ka sayar da zuciya ɗaya, ko da daga baya ya bayyana sun yi kuskure ba ka da zunubi, sai dai ka karɓi kayanka ka mayar da kuɗi. Idan sun ce jabu ne, kada ka sayar da shi ko da ka bayyana, sai ga wanda ka amince ba zai je ya cuci wani da shi ba. Ni na fi son ka ajiye shi ko ka goge hatimin. Idan ba ka da halin kai shi, ka rubuta shakkar ɓaro-ɓaro a tallar, ka karɓi abin da aka taya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan ɓoye maka ba. A 2001 malaman fatawa na Saudiyya sun haramta Pokémon, daga cikin dalilansu akwai caca da ra'ayin rikiɗar halitta. Ni ina bambanta sayen kati ɗaya sananne da sayen rufaffen ƙunshi don fatan a dace da mai tsada. Na biyun garari ne mai kama da caca, ka nisance shi. Na farkon ma ban so ya zama sana'arka ba, domin ga shubuhar surori, ga farashi da yake rataye a kan ɗigon tawada. Ka fitar da jarinka a hankali, ka sa shi a inda ya fi tsabta.

Wallahu a'alam.