Yaya Sani, ga dalilin da ya sa Hadiza ta koma karatun filaye da tsarin gari

Yaya Sani, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Saƙonka ya iso tun makon jiya, na jinkirta ne don tambayarka ba ta amsuwa da layi biyu. Ka ce ka ji 'yata Hadiza ta koma jami'a digiri na biyu a kan harkar filaye da gine-gine da tsarin gari, kai kuwa a saninka dillancin fili a wurin dillalai ake koyonsa, kuma da kuɗin makarantar na tara na saya mata fuloti da ya fi mata amfani. Ban ji haushi ba, don kafin kai mutum uku a cikin gidanmu sun faɗa mini haka. Amma bari in gaya maka yadda muke zaune a kan ƙasa a nan Kumasi, in ka ji za ka ga inda karatun ya dosa.

A wurinku Najeriya, tun dokar 1978, ƙasa tana hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Nan Gana kuwa kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar tana hannun sarakunan gargajiya da dangogi. A yankin Asante ana ce mata ƙasar kujera, wato kujerar sarauta ce ke da ita, sarkin da ke kai riƙon amana kawai yake yi. Tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da ita sayarwa ta har abada. Abin da mutum ke samu haya ce mai tsawo, lis muke ce mata: ɗan ƙasa yawanci shekara 99 in gidan zama ne, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce shekara 50. Kuɗin da ake biya tun farko ma kuɗin abin sha ake kiransa, sunan da ya samo asali tun zamanin da ɗan abin gaisuwa kawai ake kai wa sarki, ko da yake yanzu ya kai farashin filin cif. Sarkin yankin ya ba ka takardar nuni, ka kai ta ofishin filaye na Sarkin Asante a Manhyia a tabbatar, sannan Hukumar Filaye ta yi rajista. Bayan haka duk shekara akwai kuɗin ƙasa. Ofishin da ke karɓa ya cire kashi 10, abin da ya rage majalisar gunduma ta ɗauki kashi 55, kujera 25, majalisar sarakuna 20.

Wannan duk hanyar masu takarda ce, mu kuwa mutanen zango yawancinmu ba ta nan muka bi ba. Kakanninmu fataken goro ne. Da yaƙin basasar Salaga, garin kasuwar goro a arewacin Gana, ya watsa kasuwar a 1892, da yawa suka gangaro kudu. Masu ƙasa suka nuna musu wuri suka ce ku sauka nan, shugabannin zango kuma suka rarraba wa mutanensu, da shaidu da fatiha, shi ke nan. Abu biyu suka faru daga baya da har yanzu dattawa ba su manta ba. Na farko annobar 1924, wadda a dalilinta Turawan mulki suka rushe wani ɓangare na tsohon zango suka tsara sabo. Na biyu ka san shi fiye da ni, don shi ya mayar da Baffa, mahaifinka, gida: umarnin gwamnatin Busia na Nuwambar 1969, da ya ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka bar makulli a hannun maƙwabci. Waɗanda suka rage suka ɗauki tsoron ofis, don a ganinsu kai takardar gida ofis daidai yake da gayyatar a tambaye ka asalinka. Suka kuma daina zuba kuɗi masu yawa a gini lokaci guda, sai ɗaki ɗaki.

Ɗauki gidan kakanmu a Aboabo. Ɗaki shida ya gina, kewaye da tsakar gida mai faɗi. Yau ƙofa goma sha tara ce a ciki. Al'adarmu ce ta kawo haka, kuma ba na kushe ta, don ita ta raya mu. In ɗa ya yi aure, a yanki baranda a yi masa ɗaki. In baƙo ya sauka daga arewa ba a ce masa babu wuri, wannan shi ne ma'anar zango tun asali. In mai gida ya rasu malamai su raba gado bisa shari'a, amma gidan gado ba a sayar da shi, sai a raba da ɗakuna, namiji biyu mace ɗaya. Zuwa jikoki sai ka tarar ɗaki guda na mutum bakwai ne, ɗaya a Akra, ɗaya a Jamus, ɗaya ba a ma san inda yake ba. Rufi yana yoyo babu mai gyarawa, don babu wanda gidan yake nasa gaba ɗaya. Kowa kuma in zai ƙara ɗaki sai ya ɗan ci taku ɗaya daga lungu, maƙwabci ma ya ci nasa.

Ranar da Gwaggo Mairo ta rasu muka ga ƙarshen wannan cin lungun. Aka kawo makara ta ƙi juyawa a kwanar gidanmu, aka gwada ta tsaye aka gwada ta a karkace, ta ƙi. Sai a tabarma muka ɗauko ta, mutum shida, muna tafe gefe-gefe kafaɗunmu na gogar bango, har bakin titi inda makarar ke jira. Hadiza tana da shekara goma sha biyar a lokacin, tana tsaye a ƙofar zaure tana kallo. Da dare ta tambaye ni, Baba, in gobara ce fa, ta ina motar kashe wuta za ta shigo? Na rasa abin da zan ce mata.

Jami'ar da take ita ce ta Kwame Nkrumah ta Kimiyya da Fasaha, mu nan Tek muke ce mata. An buɗe ta a matsayin kwaleji a 1952, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Akwai sashen da ke koyar da harkar filaye da ƙimarsu, akwai kuma sashen tsara gari da ƙasa, wanda ya daɗe yana haɗin gwiwa da jami'ar Dortmund ta Jamus, har akwai tsarin da ɗalibi ke yin shekarar farko a can ta biyu a nan. Hadiza ta yi digirinta na farko a sashen filaye, yanzu tana na biyu mai shekara biyu, wanda rabinsa bincike ne, kuma bincikenta ya taɓo ɓangarorin biyu.

Ɓangaren mai gini lissafi ne, kuma na zauna ta nuna mini shi a takarda. Daga ƙarshe ake farowa a dawo baya. In an gama ginin, nawa zai yi a kasuwa, ko nawa hayarsa za ta kawo a shekara? Daga wannan a cire kuɗin gini, a cire ladan masu zane da injiniyoyi, a cire kuɗin famit, wato izinin gini, a cire abin da jarin zai ci a tsawon watannin da ake aiki babu shiga, a cire ribar mai ginin. Abin da ya rage shi ne ainihin abin da filin ya cancanta. Sai kuma a sake lissafin a ga me zai faru in siminti ya tashi, ko sidi, kuɗinmu na Gana, ya faɗi, ko aikin ya ƙara wata shida. Dillali ya san nawa aka sayar da filin maƙwabci, wannan ilimi ne kuma ba na raina shi. Amma bai san wannan lissafin ba, kuma mai zuwa neman gidanka ya zo da shi a jakarsa.

Ɓangaren tsara gari kuwa doka ce da taswira. Har zuwa 2016 da dokar Turawa ta 1945 ake aiki. A shekarar aka kawo sabuwar dokar amfani da ƙasa da tsarin wurare, mai lamba 925, wadda ta kasa tsari hawa uku: babban tsari da ke nuna inda yanki ya dosa, tsarin gari da ke ware inda za a yi gidaje da kasuwa da manyan hanyoyi, sai tsarin unguwa da ke sauka har kan fuloti ɗaya ɗaya. Kowace gunduma tana da kwamitin da ke duba neman izinin gini, kuma dokar ta ce a ji ta bakin jama'a kafin a zartar da tsari. Ga inda abin ya shafe mu. Aboabo da Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong tun da aka cire ta daga Kumasi a 2012. In aka kira taron jin ra'ayi aka shimfiɗa taswira a tebur, dattawanmu suna zuwa, suna da hankali da hujja, amma layin da aka ja da jan alƙalami ba su san ya ratsa ta tsakiyar masallacin unguwa ba sai an zo da fenti ana sa alama a bango. Haka asusun raya zango da aka kafa da doka a 2017: kuɗin titi da kwata alheri ne, amma kwatar da aka gina ba tare da an san inda ruwan unguwar gaba ɗaya ke bi ba, ambaliyar kawai take turawa ƙofar wani. Mu da ke kusa da rafin Aboabo mun san wannan duk damina.

Shi ya sa nake ganin haɗa ɓangarorin biyu ya fi komai amfani. Mai tsara gari da bai san kuɗi ba zai zana titi mai faɗi ta kan gida arba'in bai tambayi wa zai biya diyya ba, taswirar ta ƙare a durowa. Mai gini da bai san tsari ba kuma ya kafa bene a kan hanyar ruwa.

Kuma yanzu lokaci ya matso mu. Zangon da aka ba kakanninmu a gefen gari, gari ya zo ya kewaye shi, filinsa ya yi daraja. Masu kuɗi suna zagayawa gida gida da magana ɗaya: ku ba mu filin mu rushe mu gina bene, shaguna a ƙasa namu, mu ba ku ɗakuna a sama. Wani gida kusa da mu sun sa hannu, sai daga baya suka gane da sunan mai ginin aka fitar da lis ɗin, su da suka gaji wurin sun koma kamar 'yan haya. Bara irin wannan tayin ya zo gidanmu. Aka taru a tsakar gida bayan isha'i, aka kira Hadiza ta karanta takardar don da Turanci take. Ka san a wurinmu yarinya ba ta sa baki a maganar gado gaban iyaye. Ta karanta ta fassara, sannan ta ce, Kawu, in an yarda ina da tambaya. Wani ya ce aikinta karatu ne kawai. Kawu Idi, wanda shi ne babba yanzu, ya ɗaga hannu ya ce a bar ta ta ƙarasa. Ta ce da sunan wa za a yi lis? Wata nawa ginin zai ɗauka, kuma tsofaffin gidan da 'yan haya ina za su zauna kafin nan, wa zai biya? In kuɗinsa ya ƙare a hawa na ɗaya ya tsaya, filin na wa? Babu amsar ko ɗaya a takardar. Ta juya bayan takardar ta yi lissafin nan na dawowa baya a gaban kowa, ta nuna cewa ɗakunan da aka yi mana alkawari ba su kai rabin abin da filin ya cancanta ba. Kawu Idi ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce a gaya wa mutumin za mu neme shi.

Batun saya mata fuloti kuwa, na taɓa saya wa kaina a bayan gari shekarun baya. Na biya, aka ba ni takardar nuni, na kai bulo. Bayan wata biyu na tarar da wani yana haƙa harsashi, shi ma da tasa takardar daga hannu ɗaya, ga samari majiya ƙarfi suna yi masa gadi. Dokar filaye ta 2020 ta haramta irin waɗannan 'yan gadin fili, ta kuma sa hukunci a kai, amma ni nawa ya riga ya tafi. Da na san ana zuwa Hukumar Filaye a yi bincike kafin a biya, a kuma duba tsarin unguwa a ga ko wurin an ware shi ne don titi ko makaranta, da ban yi wannan asarar ba.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Digirin kaɗai ba ya ba ta ikon sa hannu a takardar ƙimar gida, sai ta yi aiki ƙarƙashin ƙwararre ta ci jarrabawar ƙungiyar masu safiyo ta Gana. Aikin gwamnati a wannan fanni jira ake yi. Kuma a cikin unguwa akwai waɗanda da sun gan ta da tef ɗin awo sai su rufe ƙofa, don a tunaninsu duk mai awo ɗan saƙon rusau ne, kuma tarihi ya ba su dalili. Sai ta fara da limamin unguwa da magajiya, su suke shigar da ita. Abin da take bincike a kai shi ne yadda za a buɗe lungunan nan kowane gida ya saki taku ɗaya ko biyu, a ɗaga gini sama maimakon a ci gefe, a bar zaure da tsakar gida yadda muka saba, ba tare da an tashi kowa ba.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. A cikin akwatin ƙarfen kakanmu mun samu tsohuwar takardar gidan, gara ta ci gefe ɗaya amma sunansa da hatimi suna nan. Hadiza ta ce za a iya bin ta a fitar da lis da sunan zuriyar gaba ɗaya, sai dai dole a rubuta kowane magaji a samu yardarsa. Baffa da ya tafi a 1969 bai sayar da rabonsa ba, ɗakuna biyun da ke hannun dama in ka shigo daga zaure nasa ne, Gwaggo Mairo ce ta riƙe makullin har ta rasu. Don haka ka aiko mini da sunayen 'ya'yansa duka, maza da mata, waɗanda suka rasu kuma ka rubuta 'ya'yansu a ƙarƙashinsu, da lambar wayar wanda za a iya samu. Kawu Idi yana so a zauna kafin azumi, kuma ya ce in za ka iya zuwa da kanka ya fi. Ka gaishe da Yaya Binta da yara.