Tambaya da Amsa: Babansa ya kafe sai likita, shi kuma yaron hankalinsa na kan kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Yarona ne na fari, shekararsa 19, sau biyu kenan yana zana JAMB yana neman likitanci ba a ɗauke shi ba, bara 238 ya ci. Babansa yace ko sau goma ne sai ya sake, wai duk danginsu babu likita kuma shi ya riga ya gaya wa mutane. Yaron kuma tun yana ƙaramar sakandare hankalinsa na kan kwamfuta, yanzu haka shagon gyaran waya yake zuwa a Farm Centre, har kuɗin kati yakan ba ni. Ran nan ya same ni a kicin idonsa jajir yace in roƙar masa, nayi maganar sau ɗaya Alhaji yace ni nake ɗaure masa gindi, wai tun yaushe yaro ya fara zaɓa wa kansa. Ga lokacin sayen fom ya matso. Fisabilillahi yaro ba shi da ta cewa ne? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah sarki, ga shi ɗan fari, na san ba ƙaramar kunya kika ajiye ba kafin ki buɗe baki a kansa, kuma ina zargin rabin fushin Alhaji daga nan ne, gani yake kin yi rashin kara.

Toh bari in fara da ba shi gaskiyarsa. Shi ne zai biya kuɗin makaranta, shi ya ga jiya ya ga yau, ya ga masu digiri suna yawo da fayil a hammata, ba laifi ba ne in ya so wa ɗansa aikin da ba a cika rasa abin yi da shi ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, ban musa ba. Amma wannan karin maganar mun mayar da ita sanda, da yaro ya motsa baki sai a maka masa. Babba na hango hanya, eh, amma ai ba ya hango cikin kan yaro, kuma da wannan kan za a shiga aji.

Ki duba lissafin da kyau. Likitanci shekara shida ne in babu yajin aiki, kuma kin tuna na ASUU a 2022 wata takwas cur yara suna zaune a gida. Bayan nan ga shekara ɗaya ta horo a asibiti, ga ta bautar ƙasa. Gurbin ma ƙidayayye ne, hukumar likitoci MDCN ce take yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, shi yasa za ki ga yaro ya ci maki mai kyau cikin 400 amma shiru kake ji. Sannan shiga ba shi ne fita ba, akwai waɗanda suke shiga da son ransu da kuzarinsu a mayar da su wani kwas tun daga aji ɗaya ko a sallame su a jarabawar tsakiya, balle wanda aka turo shi yana jan ƙafa. Ni dai wlh ban ga ribar a ƙona wa yaro shekara uku ko huɗu a gida don a cika maganar da aka yi a majalisa ba.

Maganar wai yaro ba ya zaɓa wa kansa kuwa, ya danganta da wane yaro da kuma wane abu. Ɗan shekara bakwai ba a tambayarsa ko yana son zuwa islamiyya, ɗaga shi ake a sa masa takalmi. Sallah, tarbiyya, abokan da zai bi, ƙarfe nawa zai shigo gida, duk wannan naku ne. Amma ragamar ana sassauta ta ne a hankali yadda hankali ke ƙaruwa. Ko dukiyar maraya, a Suratun Nisa'i cewa aka yi a riƙa jarraba shi, in an ga shiriya a miƙa masa abinsa. Annabi Ibrahim (AS) da ya ga mafarkin yanka ɗansa, umarnin Allah ne fa, amma sai da yace masa duba me ka gani, yana nan a Suratus Saffat. Ita kuma Khansa'u bint Khidam da babanta ya aurar da ita ba ta so, Manzon Allah (SAW) warware auren yayi, hadisin na Bukhari. In uba ya tambayi ɗansa ra'ayi a kan wancan babban lamarin, ina ga fom ɗin JAMB.

Sai dai kema kar ki ɗauki hawayen yaro hujja. Wasu gudun wahalar karatu suke su fake da sunan sha'awa. Naki da alama ba haka yake ba tunda har ya iya zaman shago yana kawo ɗan abu, amma ki titsiye shi. Gyaran waya daban, digirin kwamfuta daban, shi digirin akwai lissafi sosai a cikinsa, ya lissafinsa yake a WAEC ko NECO? Wace jami'a yake so, BUK ko ABU ko ta Wudil? In ya gama me zai yi da shi? In ya tsaya yana sosa ƙeya to bai shirya ba tukuna.

In ya amsa miki da kyau, ke ki janye jikinki. Kar ki sake tarar Alhaji da maganar, ya riga ya sa ki a layin masu laifi, duk abin da kika ƙara faɗa zuga ce a kunnensa. Nemo wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko limamin unguwa, in kakar yaron ta wajen uba na raye ma an gama. In akwai likita a cikin sanayya a sa shi a ciki, don irinsu Alhaji sun fi yarda in maganar ta fito daga bakin mai farar riga. Yaron kuma ya je da kansa ya durƙusa, ba da ɗaga murya ba, yace Baba na yi sau biyu don biyayya, a ba ni wannan shekarar in gwada nawa, in ban samu ba na dawo kan naka. A bar wa uban ƙofar fita, don yanzu abin da ya fi damunsa me zai ce wa mutanen da ya gaya wa.

Kuma ku yi sauri kafin a cike fom, akwai tarko a nan. Mai neman likitanci turanci da fiziks da kemistri da bayoloji yake zanawa, babu lissafi a ciki, shi kuma kwas ɗin kwamfuta dole sai da lissafi. Wato kar ku ce bari a yi shiru a bi Alhaji daga baya a canza kwas, sakamakon ba zai shiga ba, kuma na bara ba ya aiki bana. In an daidaita ya je santar rajista da kansa, ya ga lissafi da idonsa a takardar kafin ya taso.