Tambaya da Amsa: Alkafura Ta Ƙwace Wa Ɗana, Kawunsa Ya Ce a Matsa Masa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce daga Rijiyar Lemo. Ina da yaro ɗan shekara 12, tun yana ƙarami yake alkafura shi da abokansa, su taka tsohuwar taya su dira a tsibin yashi. Ya kai yana tashi ta baya ya murɗa a sama ya dira da ƙafa. Sati uku ke nan abin ya ƙwace masa. Ya ce in ya tashi ba ya sanin inda ƙasa take, sau biyu yana faɗuwa ta kafaɗa, yanzu ko tayar ba ya son takawa. Ƙanena da yake koya musu ya ce ragwanta ce, in ba a matsa masa yanzu ba tsoron zai zauna masa. Yana nuna masa bidiyon wata Ba'amurkiya, Simone Biles, wai mace ma ga abin da take yi, kuma wai ita ma ta taɓa gudu daga gasa aka yi ta yi mata dariya. Kakarsa kuma ta ce iska ce. Wace ce wannan mata? Kuma in bari a matsa masa? Wallahi hankalina ba a kwance yake ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da abin da ba ya jira: daga yau kada yaron nan ya sake tashi ta baya, ko da wasa, ko Kawu yana tsaye ko ba ya nan. Ni aikina fisiyo ne, wanda mutane ke kira gashin ƙashi, kuma waɗanda aka matsa wa wurinmu ake kawo su a kwance.

Ƙanenki ya kawo shaidar da za ta kayar da shi. An haifi Simone Biles a 1997 a jihar Ohio, kakanta da matarsa suka riƙe ta a Texas, ta fara wannan wasa tana shekara 6. Gajeriya ce sosai, mita 1.42. Tana shekara 16 ta zama zakarar duniya a birnin Antwerp na Beljiyam a 2013, ta maimaita a 2014 da 2015. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 ta kwashi zinare huɗu da tagulla ɗaya. Akwai salon wasa biyar da ke ɗauke da sunanta a littafin dokokin wasan, domin ita ta fara yin su a babbar gasa. In aka haɗa lambobinta na gasar duniya, 30, da na Olamfik, 11, sun kai 41. Babu wani ɗan alkafura, mace ko namiji, da ya tara haka.

Amma shekarar da nake so ki riƙe ita ce 2018. Ana gobe za ta fara wasa a gasar duniya a Doha ta Katar aka kai ta asibiti da dare, aka tarar da tsakuwa a ƙodarta. Duk wanda ya taɓa ganin ƙato yana birgima a ɗakin taimakon gaggawa saboda tsakuwar ƙoda ya san abin da nake nufi. Haka ta shiga fili da tsakuwar a jikinta, ta fito da zinare huɗu. To wannan ce ake ce wa matsoraciya?

Abin da ya faru a gasar Olamfik ta Tokyo a watan Yulin 2021 daban ne. Ta sheƙo da gudu ta doki teburin tsalle da niyyar murɗawa biyu da rabi a sama, sai ta yi ɗaya da rabi, ta diro kamar an jefo ta. Ba ta san inda take a sama ba. Ta ɗauki rigarta ta ce ba za ta ci gaba ba, abokan wasanta uku suka ƙarasa suka samo azurfa. Ta janye daga yawancin wasannin da suka rage. Da ta dawo wasan da ake yi a kan wani siririn katako mai faɗin santimita 10, sai da ta cire murɗawa daga dirarta, ta samu tagulla. Shekara biyu ba ta shiga gasa ba. Ta dawo a 2023 ta sake zama zakarar duniya karo na shida, sannan a Olamfik ta Paris a 2024, tana shekara 27, ta ci zinare uku da azurfa ɗaya. Ga ƙarshen labarin da Kawu bai ba ɗanki ba.

Abin da ya same ta shi ne ɗanki yake kwatanta miki da bakinsa. 'Yan wasan suna kiransa tuwistis, ni kuma ina ce masa ɓata a sama. Mai alkafura ba ya tunani a sama, babu lokacin yin haka, ƙiftawar ido ce. Ido, da abin da ke cikin kunne mai sanar da mutum sama da ƙasa, da saƙon da gaɓoɓi da tsoka suke aika wa ƙwaƙwalwa, su suke haɗuwa jiki ya yi abin da ya haddace. Wata rana sai lissafin ya wargaje. Jiki ya murɗa ba a sa shi ba, ko ya buɗe kafin lokaci. Gajiya tana kawo shi, damuwa tana kawo shi, mummunar faɗuwa tana kawo shi. A yaro ɗan 12 kuma ga girma: ƙafa ta ƙara tsawo a 'yan watanni, jikin da ya haddace juyin ba shi ne jikin yau ba. Ki gaya wa Kaka addu'a ba ta ɓaci, a tofa masa, amma ba a sa shi ya tashi sama don a gwada ko iskar ta tafi.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wai a matsa masa kada tsoro ya zauna. Wannan magana na gaji da jin ta. Daga bakin koci na ji ta, daga bakin yayye, daga bakin uba mai ganin ɗansa zai ba shi kunya a unguwa. Kowa ya san yaron da hadda ta kakare masa a gaban malam. Yana da ita a ka jiya, yau ta tsaya cak, kuma iya ɗaga dorina iya ɓacewar karatun. Malamin kirki sai ya ce koma baya, ɗauko daga farkon shafi. To bambancin shi ne mai hadda a zaune yake a kan tabarma in ta kakare. Ɗanki kansa a ƙasa yake, ƙafa a sama, tsakaninsa da ƙasa babu komai sai wuyansa.

Ƙasusuwa bakwai ne a wuya, laka ta ratsa ta tsakiyarsu, kuma duk umarnin da ke zuwa hannu da ƙafa da mafitsara ta nan yake bi. In ta yanke can sama, har numfashi sai da na'ura. Karayar hannu ana ɗaurawa ta haɗe. Laka in ta yanke ba ta tohowa, ba a Kano ba, ba a Jamus ba, ba a Indiya ba, duk abin da dillalan fita waje za su gaya miki. Wannan tsoron da kuke son cire masa shi ne mai gadin wuyan nasa. Jiki magayi ne, ya riga ya gaya masa sau biyu ta kafaɗa.

Kuma ba a tsibin yashi kaɗai ake wannan jahilci ba, har a manyan ƙasashe an yi shi. Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet ita ce zakarar duniya a 1978. Ta karye a ƙafa a 1979, aka hanzarta mayar da ita atisaye ba ta gama warkewa ba, aka dage sai ta yi wani juyi mai haɗari saboda Olamfik ta Mosko ta matso. Saura kimanin sati biyu a buɗe gasar a 1980 ta diro da haɓa, wuya ya karye. Tana shekara 20. Daga wuya zuwa ƙasa ba ta sake motsawa ba har ta rasu a 2006. Tana da likitoci, tana da katifu, tana da ƙwararrun masu horarwa. Kawu me yake da shi? Taya da yashin gini.

Yashin ma da ake ganin taushi ne, wanda aka kwana ana tattakawa ya daddale kamar daɓe, ga tsakuwa, ga guntun bulo a ƙarƙashi. Su can rami suke haƙawa a cika shi da yankakken soso, a nan ake koyon sabon juyi sau ɗaruruwa kafin a kai shi kan katifa, kuma koci yana tsaye hannunsa a ƙugun yaro. Bidiyon daƙiƙa 20 da ake nuna wa yara a waya ba ya nuna wannan.

Akwai wani yaro da na yi wata da watanni ina wa gashi, ɗan shekara 15. Ya ce wa abokansa yau jikinsa ba ya ba shi, suka yi ta masa ihun ragon maza, ya tashi. Abin da na fi tunawa shi ne ranar da muke koya masa riƙe cokali. Mun naɗe marikin da bandeji ya yi kauri, yatsun suna kai amma sun ƙi rufewa, yana kallonsu kamar na wani. Mahaifiyarsa tana gefe da kofin kunu a hannu, ta juya fuska bango. In na ji an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa sai in ce haka ne, amma wanda ya tura yaro sama bayan ya ce ba ya ganin ƙasa, ya tanadi amsar da zai bayar. Amana ce aka ba mu, ba zakaran gwajin dafi ba.

Abin da ya ƙara lalata yaron nan kuwa bayan faɗuwar aka yi shi. Aka ɗaga shi zaune, aka sheƙa masa ruwa, wani ya kama kai ya ja wai wuya ne ya shige, aka naɗe shi a adaidaita sahu zuwa wurin mai ɗori. Hajiya, ki haddace wannan ki kuma gaya wa matasan layinku: wanda ya faɗi ta ka ko ta wuya ba a ɗaga shi, ba a jan kansa, ba a murza wuyan. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu yadda yake, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a sa shi a motar da zai kwanta miƙe, sai Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Ko da ya miƙe da ƙafarsa yana cewa ba komai, in wuya yana ciwo a kai shi a yi hoto.

Naki yaron, tunda ya faɗi sau biyu, ki tambaye shi yau: wuya yana ciwo? Hannu yana masa sanyi, ko yana jin kamar ana tsira masa allura a yatsu? Akwai ciwon kai, jiri, amai, ko ciwon kunne? In akwai ko ɗaya, gobe da safe asibiti. In babu, ba na ce ya bar wasan ba, kada ki kashe masa abin da yake so. Ya koma abin da yake yi tun yana shekara 6: adungure, tsayuwa da hannu a jingine da bango, juyin gefe, a kan katifa. Sati nawa ne ko wata nawa, shi zai faɗa, ba Kawu ba. Tashi ta baya kuwa sai a gaban wanda ya koyi tarar yaro a sama. Ki sa babansa ya je filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata ya tambayi masu horarwa ko akwai mai koyar da wannan da kayan aiki, ya kuma ga katifun da idonsa kafin ya bar yaron a wurin.

Tayar kuma ki sa a ɗauke ta daga ƙofar gida yau.