Amsa: Me ya sa abin wuyan da nake saƙawa da zanen Selbu yake tattarewa?

'Yar'uwa, kin ce abin wuyan ulu da kike saƙawa da zanen taurarin Selbu na ƙasar Norway yana tattarewa, ga shi ya matse har da ƙyar yake wuce kai. Matsalar tana bayan saƙar. A wannan salo zare kala biyu ne ke tafiya a layi ɗaya, kina saƙa da ɗaya, ɗayan yana ratsawa ta baya har a zo inda ake buƙatarsa. To wannan mai ratsawar kike ja da ƙarfi. Duk lokacin da za ki sauya kala, ki fara baza idanun saƙar, wato madaukan zaren da ke kan allurar hannun dama, su sake, sannan ki ɗauko zaren ki saƙa ba tare da kin ɗame shi ba.

Abin da na ga ya fi taimakawa shi ne juya saƙar ciki ya koma waje a kan allura mai zagaye, don zaren bayan ya bi ta doguwar hanya, sai ya samu sarari da kansa. Amma da sharaɗi: idan kala ɗaya ta wuce ido 5 a jere, kamar a cikin fukafukan tauraron nan mai kusurwa 8, ki maƙale zaren bayan a tsakiya, in ba haka ba ɗan kunne zai riƙa kama shi wajen sakawa. Kada kuma ki maƙale a wuri ɗaya layi bayan layi, don kalar da ke baya za ta leƙo ta cikin ta gaba. 'Yar tattarewa kaɗan wanki da shanya a shimfiɗe suna gyara ta a ulu na gaske, amma wadda ta ɗame sosai sai dai ki warware.