Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Kamata a Haƙura da Gyaran Na'urar Sanyaya Ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a unguwar Agege da ke Legas, ina da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi wadda na saya fiye da shekara 10 da suka wuce. Tun bara sanyinta ya ragu, kuma duk sa'ad da na kira mai gyara sai ya ce gas ya ƙare, ya ƙara, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Yanzu kuma ya ce kwamfuresa ta fara gajiya. Uwargida ta ce mu sayi sabuwa, ni kuwa ina duba halin da aljihu yake ciki. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gas ɗin da ke cikin wannan na'ura ba a ƙona shi kamar man fetur, zagayawa kawai yake yi cikin bututun tagulla a rufe, daga ɓangaren da ke cikin ɗaki zuwa na waje ya dawo. Saboda haka idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma mai gyaran da ke ƙara gas bai nemi wurin yoyon ba, kuɗinka kawai yake karɓa. Illar ba ta tsaya ga kuɗin gas ba, domin gas ɗin da ke komawa cikin kwamfuresa, wato injin da ke matsa shi ya zagaya, shi ne yake sanyaya ta, shi ne kuma yake dawo mata da man da ke hana ƙarafunta cin juna. Na'urar da ta daɗe tana aiki da ƙarancin gas, kwamfuresarta zafi take yi har ta ƙone, kuma da alama abin da ya fara samun taka ke nan.

Kafin ka yanke hukunci, ka nemi wani mai gyara dabam ya gano inda yoyon yake. Idan a mahaɗar bututu ne, inda ake ɗaure noti, gyaran ba shi da tsada, ruwan sabulu ma yakan nuna wurin. Haka nan idan kafasita ce ta mutu, wato ɗan abin lantarkin da ke taimaka wa kwamfuresa tashi, ko fanka ta tsaya, ko ƙura ta toshe matatar iska, babu dalilin jefar da na'ura, kuma sau da yawa kafasita ce ke sa kwamfuresa gurnani ta ƙi tashi, a ɗora mata laifin da ba nata ba. Amma idan yoyon yana jikin siraran bututun da ke cikin akwatin na'urar, musamman in tsatsa ta ci su a wurare da dama, to walda ɗaya ba za ta wadatar ba, ana toshe nan can yana ɓullowa. Wannan matsala ta fi tsanani a Lekki da Ajah da sauran unguwannin bakin teku, inda iska mai gishiri ke cin ƙarfe da wuri, sai dai danshin Legas bai bar Agege ma ba.

Sannan ka duba takardar da ke manne a gefen ɓangaren waje, za ka ga an rubuta irin gas ɗin. Yawancin tsofaffin na'urori R22 suke amfani da shi, wanda ƙasashen duniya suka amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata garkuwar ozon da ke sararin sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, kuma ƙasashe masu tasowa irin Najeriya an ba su wa'adi zuwa 2030 su kusan kawar da shi. Sababbin na'urori R410A ko R32 suke ɗauka, kuma ba a zuba waɗannan a na'urar da aka ƙera don R22, domin ƙarfin matsinsu ya fi yawa, man kwamfuresarsu ma dabam ne. A ganina, sayen sabuwar kwamfuresa don na'urar R22 mai shekara 10 wadda bututunta suka yi tsatsa asarar kuɗi ce.

Akwai kuma lissafin wuta, wanda a da ba a cika damuwa da shi ba. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage amma ya ci gaba da zama sama da naira 200. Tsohuwar na'ura irin taka takan sha yunit ɗaya da ɗoriya a kowace awa idan kwamfuresa tana juyawa babu hutu, wadda kuwa gas ɗinta ya ragu ba ta hutawa, tun da ɗakin ba ya kaiwa sanyin da aka nema. Idan kana da mita mai kati ta Ikeja Electric, ka rubuta yunit ɗin da ke ciki kafin ka kwanta da kuma bayan asuba, dare ɗaya da na'urar a kunne, dare ɗaya a kashe. Bambancin da ka gani, ka ninka shi sau 30 don samun na wata, ka lissafa kuɗinsa na shekara, ka sa shi kusa da kuɗin gyaran da ka kashe a shekara, sannan ka kwatanta da farashin sabuwa.

Idan lissafin ya kai ka ga saye, kamar yadda nake tsammani, to uwargida ta yi gaskiya. Na'ura mai imbata ta fi dacewa da mai kunnawa dare da rana, domin kwamfuresarta ba ta tsayawa ta sake tashi da fizga, rage gudu take yi idan ɗaki ya yi sanyi, shi ya sa take shan wuta kaɗan, janareta ma ba ya wahalar ɗaukarta. Rauninta shi ne allon lantarkin da ke cikinta, wanda hawa da saukar wuta ke iya ƙonawa kuma canza shi da tsada, don haka kada ka haɗa ta ba tare da na'urar kare ta daga tsallen wuta ba. Tokumbo, wato na'urar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, a kasuwar Alaba tana da araha, amma babu mai faɗa maka shekarunta na gaskiya, kuma da yawansu R22 ne. Ka karɓi takardar garanti, ka sa a canza bututun tagulla, ka kuma tsaya a kan mai haɗawa ya zuƙe iska da danshi daga bututun da injin zuƙa kafin ya saki gas, domin wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa. Zai fi kyau a yi aikin kafin zafin Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da masu haɗawa ke gaggawa saboda yawan kira.

Tambaya: Ni uwa ce a Idi-Araba. Mai shago ya nuna mini wadda ke sanyaya ɗaki kuma take ɗumama shi, ya ce ta fi inganci. Shin in ƙara kuɗi in ɗauke ta?

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Ko a tsakiyar hunturu, da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20 a Legas, don haka ɓangaren ɗumamawar zai zauna ne ba aiki, ga shi ƙarin bawul ne da zai iya lalacewa. Da a Jos ko tsaunin Mambila za a kafa ta, da shawarar ta canza. Ƙarin kuɗin ya fi amfani idan kika saye wadda ƙarfinta ya dace da girman ɗakin, kika kuma riƙa wanke matatar iskarta duk bayan mako biyu ko uku, musamman lokacin ƙurar hunturu.