In ci bashi in koma ɗinkin zanen bango kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim, sana'ata ɗinkin majanyi da surfanin zanen gado. Da na yaye autana sai na tattara tsofaffin zannuwan goyon yarana, na yayyanka na haɗa su a kan saƙi, na yi surfanin ƙwarya da ludayi da faifai a jiki. Ƙanwar maigidana ta tafi da shi Abuja, wata ta saya naira 40,000 don ta rataya a falo, wasu biyu kuma suna tambaya. Ina son karɓar bashin naira 300,000 in sayi keken surfani, in bar majanyi. Me kika gani?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raya zuri'a, Ya sa wa hannunki albarka. Aikin nan ya burge ni ƙwarai, shi ya sa zan gaya miki gaskiya: kada ki ci bashin nan yanzu, kada kuma ki bar majanyi.

Ciniki ɗaya da tambaya biyu ba su isa a ce kasuwa ta buɗe ba. Mai bashi duk wata zai zo, zanen bango kuwa sai ya yi wata uku ba a taya ba. Majanyi fa? Muddin ana haihuwa ana suna a ƙauyenku, ba zai kwana a hannunki ba. Shi ke kawo kuɗin cefane da na zare. Kada ki saki reshe ki kama ganye.

Keken ma ba shi ne maganin ba. Matar Abuja aikin hannu ta biya. Ranar da kika koma surfanin inji, kin shiga gasa da kayan da ake jibgewa a Kantin Kwari daga Chana, kuma ba za ki iya karya farashi kamar su ba.

Yanzu ɗauki biro. Cire kuɗin saƙi, zare, shafi da na mota daga 40,000 ɗin. Abin da ya rage ki raba shi da kwanakin da aikin ya ci. Idan ya yi saura 30,000 kuma kin yi sati uku a kai, kin ga ladan yininki bai kai 1,500 ba. Gwada shi da abin da majanyi ke ba ki a yini. In bai fi ba, farashin ne ya yi ƙasa, sai ki ɗaga. Mata da yawa a karkara ba sa lissafa lokacinsu don a tsakar gida suke aikin, tsakanin girki da raino, alhali wannan lokacin shi ne mafi tsada a cikin kayan. Ki kuma zauna da ƙanwar maigidanki ku yanke la'adarta tun yanzu, kashi nawa cikin ɗari, don kada kuɗi ya ɓata zumunci.

Ga hanyar da ba ta buƙatar jari. Masu tambayar nan biyu, ki ce kowacce ta aiko da nata zannuwan goyon, ko atamfar fitar suna, ko ɗankwalin mahaifiyarta, ki haɗa mata nata. Ta ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ragowar ranar karɓa. Kin ga da kuɗinta za ki sayi kayan aiki, kuma ba wadda za ta fasa karɓar abin da aka ɗinka da zanen da ta goyi ɗanta. Wurin nan na tsakiyar zane da ya koɗe saboda goyo da wanki, kada ki yanke shi ki yar. Shi uwa za ta fara nema da ido. Sai dai tsohuwar atamfa ba ta da ƙwari, dole ki yi mata shafi mai kauri. A bayan kowane aiki ki ɗinka ɗan ƙyalle da sunanki da shekarar da kika yi shi, masu sayen irin wannan suna daraja hakan.

Kin yi dabara da kika tsaya kan ƙwarya da faifai. Gidaje da yawa a Arewa ba sa rataya surar mutum, in kika sa ta kin rage masu saye. Turmi da taɓarya, tulu, dagi, duk sun isa su ba da labarin gida.

Saƙi ki nemi na masaƙan Minjibir. In kina son shuɗi, ga marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, ga Kura. Ki wanke rinin baba har ya daina zuba kafin ki haɗa shi da fari, in ba haka ba aikin sati uku zai ɓaci a wanki ɗaya.

Kuɗin zanen bango ki ware shi daban da na majanyi, ko da a littafi ne. In kin kammala guda goma an biya, kuma oda tana jiranki, ki sake rubuto mini mu duba rajistar sunan sana'arki a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) da ɗaukar 'yan mata biyu masu taya ki surfani. Kafin nan adashinki ya isa sayen zare.